Shekarar da Aka Cire Mini Haƙorin Makka

Damina ce mai albarka, irin wadda ruwa ke sauka da asuba ya ɗauke kafin hantsi. Masara ta yi goyo, gero ya fid da kai, har gonar nan ta gindin dutse da ba ta saba ba da komai ba ta yi kyau. Duk wanda ya tuna shekarar da yabanya yake tuna ta. Ni kuwa da kunu nake tuna ta, don tun saukar ruwan fari har aka kusa yankan gero, kunu da koko ne abincina, sai ɗumamen tuwo idan an dama shi ya yi ruwa-ruwa. Lokacin mahaifinku ya daɗe da rasuwa, mun kuma baro Yankara na dawo Ƙanƙara wajen ɗan'uwanku Sani, saboda abin da kuka sani na rashin kwanciyar hankali. Babban yayanku ne kawai ya ce shi ba zai bar gonakin ubansa ba, ya yi zamansa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan da ɗan hannuna na yaƙi da jahilci shi ne maganar da har yau take yawo a tsakaninku, musamman ku mata da kuke aure nesa, kuka ji labarin ta waya. Wai Rabi matar Sani ce ta ja ni asibiti aka ɓalle mini haƙorin Makka. Wasu ma sun ƙara gishiri, wai sayarwa aka yi. To ku saurara ku ji daga bakin mai haƙorin.

Shekarar da Allah ya kira mu aikin hajji ni da mahaifinku, tare muka tafi da ƙawata Hajiya Tasalla, wadda kuka sani, mai ƙosai a ƙofar gidanmu na da. Da aka gama aiki, matan masaukinmu suka ɗunguma wajen wani mai sa haƙori a wani ɗan shago, don a wancan lokacin mace ba ta dawowa gida haka nan baki fari, sai a ce ina shaidar ta je. Mahaifinku ya raka ni har bakin shagon. Na zauna a kujera, mutumin ya ɗauko wani ɗan inji ya goge mini haƙorin sama na gefen dama, lafiyayyen haƙori da bai taɓa yi mini ciwo ba, har ya rage masa kauri, sannan ya shafa wani abu kamar ƙaro ya kifa masa hular gwal. Ba a ɗauki lokacin da tukunyar shayi take tafasa ba. Na fito na tarar da mahaifinku a tsaye a inuwa yana jira, na ja mayafi na rufe bakina don kunya.

"To, Hajiya," in ji shi, "yi dariya mu gani."

Ranar ya fara kirana Hajiya. Na ƙara dunƙule mayafin. Sai ya sa yatsa ya janye shi a hankali, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba.

"Ni ba gwal ɗin ya dame ni ba," ya ce, "dariyar nake son gani."

Na yi dariya har da ƙwalla. Tun daga ranar, duk sanda na buɗe baki a gida sai ya ce fitila ta kama. Bayan ya rasu an raba rigunansa, an raba gonaki, carbinsa yayanku ya ɗauka. Ni abin da ya rage mini wanda hannunsa ya kai ni aka yi, kuma yake tare da ni ko ina barci, wannan haƙori ne.

Ciwon ya faro ne da ruwan randa. In na kurɓa sai in ji kamar an soka mini allura ta tafi har cikin ido. Na sa kanumfari, na kuskure da ruwan gishiri mai ɗumi, ya lafa ya dawo. Hajiya Tasalla, wadda ita ma ta dawo Ƙanƙara wajen ɗiyarta, ta ce tsutsa ce. Ta kawo 'ya'yan gautan kura ta zuba a garwashi, na lulluɓa da zane na buɗe baki hayaƙi ya shiga, aka ajiye kwanon ruwa a ƙasa. Da muka duba sai ga wasu 'yan farare-farare suna yawo a ruwan, ta ce ga su nan sun faɗo. Na kwana biyu da murna, ciwo ya dawo ya fi na da.

Ranar kasuwa ta raka ni wajen wani mai cire haƙori da ke shimfiɗa tabarma a bayan 'yan hatsi. Ya ce in nuna masa mai ciwon. Ga gaskiyar da nake so ku gane: gefen duka yana zugi, ban iya rarrabe wanne ne ba, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa na Makka ne ba. Na ɗora yatsa a kan maƙwabcinsa. Mutumin ya ɗauki ƙarfensa ya ɗan ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan gwal ɗin sai da na zabura na kama hannunsa.

"Hajiya," ya ce, "anya ba wanga ba ne?"

Kafin in buɗe baki Tasalla ta taso masa.

"Kai malam, ka ji tsoron Allah! Haƙorin da aka sa a Makka ne zai yi tsutsa? Mi kake nufi?"

"Astagfirullah," in ji shi, "ni ban ce ba. Wanda Hajiya ta nuna shi za a cire."

Ya cire. Ban taɓa jin azaba irin ta ranar ba, ko a haihuwa. Ya miƙo mini haƙorin a tafin hannu, fari tas, ba huji ba tabo, kamar ƙwayar masara. Na dube shi, Tasalla ta dube shi. Muka dawo gida ina tofar da jini a hanya.

Daga nan abin ya lalace. Kuncina ya kumbura har idona na dama ya ƙanƙance, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, bakina kuma ya fara wani wari da ni kaina nake ji. Na daina zuwa Islamiyya, don in malama ta ce in biya karatu sai in ga ta kusa da ni ta kau da kai. Na daina zama cikin mutane. In an yi baƙi sai in amsa gaisuwa ta cikin mayafi. Sani ya yi ta sayo mini ƙwayoyi a kemis, ina sha ina ce masa da sauƙi, don ban so in ɗaga masa hankali.

Rabi ce ba ta yarda da sauƙin nan ba. Ita ke dama mini kunu, ita ke ɗauke kwanon, ta san abin da nake ci da abin da nake bari. Yarinya ce mai kunya, 'yar Damari, tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Wata rana da hantsi ta shigo ɗakina ta durƙusa, ta daɗe tana murza gefen zanenta.

"Inna, in na yi rashin kunya ki yafe mini. Ina so ki duba wani abu."

Sai kawai ta wangame baki a gabana, ta sa yatsa tana nuna mini turmin haƙorinta na can ciki. Suruka a gaban uwar miji! Da ina iya dariya da na yi.

"Kin ga wancan? Rami ne da shi, kwana nake ina kuka. A Funtuwa likita ta share shi ta yi mini ciko, ba a cire ba. Ga shi har ƙashi nake tauna da shi. Inna, don girman Allah ki bari mu je a duba. Dubawa kawai."

Kalmar dubawa kawai ɗin nan ce ta sa na yarda. Washegari da rana ta ɗaga, lokacin da motoci ke tafiya a jere saboda tsoron hanya, Sani ya sa mu a mota ni da ita. Kowane rami motar ta faɗa sai na ji shi a cikin muƙamuƙina.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar autarku ba, ta rufe hanci da baki da ƙyalle, idanunta kawai nake gani. Ta gaishe ni da ladabi, ta kwantar da ni a wata kujera mai komawa baya da kanta, ta kunna fitila a kaina. Da ta ga gurbin haƙorin da aka cire ta tambayi abin da ya same shi. Rabi ta sunkuyar da kai, ni na ba ta labari. Na zaci za ta yi faɗa.

"Allah sarki," ta ce, "an kama mai gaskiya an bar ɓarawo."

Aka ɗauki hoton haƙoran, irin hoton da ke nuna abin da ke cikin ƙashi. Ta ɗaga shi a haske ta nuna mini wani baƙin tabo a saiwar haƙorin Makka. Ta yi mini bayani sannu a hankali, yadda zan gane. Ta ce hular gwal ɗin ta daɗe da sakin baki ta wajen dasashi, abinci yana shiga ƙarƙashinta, asuwaki ba ya kai wa can, sai haƙorin ya yi ta ruɓewa a ɓoye har ruɓar ta kai jijiya, mugunya ta taru a gindi. Ta ce babu tsutsa, abin da muka gani a kwano 'ya'yan gautan ne da zafi ya fasa. Ta ce har yanzu ana iya ceton haƙorin: a cire hular, a fitar da matacciyar jijiyar, a wanke ramin a cike shi, sannan a kifa masa sabuwar hula fara irin launin haƙori. Amma in na jinkirta, haƙorin duka zai tafi, mugunyar kuma tana iya bin ƙashi ta kai inda ba a so.

"In an gama sai a mai da mini gwal ɗin?" na tambaye ta.

"Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai an yanka shi zai fita, ba zai koma ba."

Na ce a bar ni in je gida. Ba ta matsa mini ba. Ta rubuta maganin da zai sassauta kumburin, ta riƙe hannuna ta ce kada in bari mako ya zagayo.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Kashegari da azahar sai ga yayanku a kan babur daga Yankara, ƙafarsa duk laka. Kun san shi, ba mai yawan magana ba ne, amma in ransa ya ɓaci muryar ubansa ce sak. Bai dubi Rabi ba, Sani ya fuskanta a tsakar gida, yana magana yadda kowa zai ji.

"Kai, haƙorin da Baba ya sa wa Inna da hannunshi a ƙasa mai tsarki, shi za ku kai a yanke? Wa aka shawarta? Ka ja wa matarka kunne. Tun da ta zo gidan nan komi sai asibiti."

Sani ya sunkuyar da kai, don bai taɓa mai da wa yayansa magana ba. Rabi tana madafa, ina jin muciya ta tsaya. Hajiya Tasalla ma ta iso, ta zauna a bakin gadona.

"Ke dai ki yi haƙuri, ciwo ne, shina wucewa. In kika cire, da mi za a san kin je? Ki shiga mota a ce miki Iya kamar kowace tsohuwa?"

Ina so ku fahimce ni a nan. Na san haƙori ba ya cikin aikin hajji, an karantar da mu a Islamiyya, babu inda aka ce sai da shi. Ba hajjina nake tsoron a cire ba. Mahaifinku nake tsoron a cire mini. Gani nake in aka yanke gwal ɗin nan, ranar nan ta bakin shago, da inuwar, da yatsansa a kan mayafina, duk za su bi shi kwandon shara. Don haka ban ga laifin yayanku ba, abin da yake ji shi nake ji, ya dai fi ni murya ne.

Bayan la'asar na ce Rabi ta ara mini madubinta. Rabona da madubi tun farkon damina. Na zauna ni kaɗai na duba, na ga wata tsohuwa da fuska a karkace, ido ɗaya a rufe. Na ce bari in yi abin da mahaifinku ya ce in yi a ranar nan ta bakin shago. Na yi ƙoƙarin yin dariya, leɓena ya ƙi ɗagawa. Sai da na sa yatsa na ɗaga shi sannan na hango gwal ɗin a can cikin kumburi, kusa da gurbin bawan Allahn da aka cire ba laifi. Na daɗe a zaune. Sannan na ajiye madubin na leƙa tsakar gida. Kun san ba na kama sunan yayanku, ɗan fari ne.

"Kai, zo nan."

Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Yaushe rabonka da ganin haƙorin nan?"

Ya ɗaga kai sama. Ya yi ta lissafi a ransa ya kasa tunawa, ina kallonsa.

"Ni ma haka," na ce. "Ubanku ya ce mini ba gwal ɗin ya dame shi ba, dariyar yake son gani. To gwal yana nan, dariyar ce babu. Gobe zan koma Funtuwa. Ba Rabi ta ce ba, ba Sani ya ce ba, ni na ce."

Bai yi mini musu ba, bai taɓa yi ba. Ya tashi ya hau babur ɗinsa, tuwon da Rabi ta zuba masa yana nan a rufe bai taɓa ba.

Aikin bai yi zafin da na zata ba. Likitar ta yi mini allura a dasashi, leɓena ya yi nauyi kamar na aro. Na ji ƙarar inji, na ji lokacin da hular ta rabu da haƙorin, hawaye suka gangaro mini ta gefen kunne. Likitar ta tsaya ta ce ko zafi nake ji, na girgiza kai. Rabi tana tsaye ta riƙe mini ƙafa. Da mugunyar ta samu hanya ta fita, wallahi kamar an sauke mini dutsen niƙa daga fuska. A motar komawa na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, kaina a kafaɗar surukata, ba kunya ba komai.

Mun yi ta zarya bayan nan, kowace tafiya Rabi ce ke goya jaririyarta ta raka ni. Aka wanke ramin jijiyar aka cike. Aka yi mini wankin haƙori, aka kankare dattin goro da na fure na shekara da shekaru, har na riƙa jin iska tana wucewa ta tsakaninsu. Likitar ta gano wani ƙaramin rami a turmi ta yi masa ciko tun bai fara magana ba. Ta sa na ciji wani abu mai laushi kamar ƙullu don a ɗauki awon bakina, da shi aka ƙera sabuwar hular, aka kuma yi mini haƙorin roba guda na sawa da cirewa don ya toshe gurbin nan. Ta koya mini goge baki da buroshi da man goge baki safe da kuma kafin kwanciya, ta ce asuwakina ma kada in yar, in dai riƙa zuwa ana dubawa ko ba na jin ciwo. Ban san sunan mahaifinta ba, amma ba na sallah in manta da ita.

Abin da Tasalla ta faɗa ya faru. A tashar Funtuwa wani kwandasta ya ce mini, "Iya, matsa ciki." Na ji abin a raina, ba zan ɓoye muku ba. Ita kanta Tasalla har yau in ta so tsokana sai ta ce Hajiyar da ba shaida, ni kuma in ce ta zo mu je a leƙa ƙarƙashin nata. Yayanku kuwa ya yi makonni ba ya shiga gidan. Duk ranar kasuwa zai sauke mana abin gona a zaure, ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya juya. Rabi ta sha kuka a ɓoye saboda maganganun da wasunku suka yi mata ta waya, ba ta taɓa kawo mini ƙara ba, a bakin maƙwabta na ji. Ku da kuka faɗa kun san kanku. Yarinyar nan ba ta cire mini komai ba. Bakinta ta buɗe a gabana ta ajiye kunyarta don in rayu, ku nemi yafiyarta tun ina da rai in gani.

Ranar da aka kifa farar hular, likitar ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin auduga. Ashe ta adana mini gwal ɗin tun ranar farko. Ta ce in bari sai gobe kafin in tauna abu mai ƙarfi, daga nan in ci abin da nake so, ban da fasa ƙashi.

Washegari ta kama ranar kasuwa. Na yi sallah, na goge bakina yadda aka koya mini, na fito na hura gawayi da kaina. Cikin masarar da yayanku ya kawo ta ƙarshen damina na zaɓi masu taushi na jera a wuta. Ina cikin juyawa na ji tsayuwar babur ɗinsa, na ji ya sauke buhu, ya yi sallama daga zaure.

"Shigo," na ce, "yau ba a gaishe ni daga nesa."

Ya shigo ya tsuguna. Na kwance bakin zanena na ɗora masa audugar a hannu. Ya buɗe. Ga gwal ɗin a tsage, siriri kamar ɓawon gyaɗa, cikinsa baƙi ƙirin. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Dama haka yake, ba nauyi?"

"Haka yake. Ka haɗa da carbin ubanka ka ajiye."

Na ɗauki masara guda na hure tokar, na kafa mata haƙori ta gefen dama, na gatsa. Ƙarar ta sa har Rabi ta leƙo daga madafa. Na ga yadda su biyun suka zuba mini ido kamar masu jiran a ce wani ya faɗi, sai dariya ta kufce mini, baki buɗe, ba mayafi. Yayanku ya kalle ni, ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga.

"Rabi," na ce, "miƙa wa yayanku guda, ta gefen can ta fi gasuwa."

Ta ɗauko ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa.